Katin da Aka Sa wa Riga

Da safiyar Litinin aka tsinci Kawu Caz kwance a bayan kantar shagonsa, fuskarsa a ƙasa, jini ya jiƙa ƙeyarsa. Sandar besbol da ke rataye a bango tana yashe kusa da shi, an goge ta tas. Mijin yayata, Marlon Teague, wanda ke zuwa duk Litinin ya ɗaga masa kwalaye, shi ya gan shi, shi ya kira motar asibiti, shi ya tallafi kansa a cinya har ta iso. Kafin rana ta raba 'yan sanda sun tafi da Marlon da rigarsa mai jini.

Port Alden ƙaramin gari ne, kowa ya san Marlon ya taɓa fasa shago yana saurayi, kuma sakin talala aka yi masa. Idan tuhumar nan ta kai gaban alƙali, komawa zai yi ya ƙarasa shekarun da aka ɗage masa, tun kafin a fara sabuwar shari'a. Yayata Halina tana da tsohon ciki. Ta daina zuwa sayen burodi, don da ta shiga sai hira ta mutu.

Abu ɗaya kawai ya ɓata a shagon: katin Lyle Dombeck.

A shekarar 1953 gidan burodin Zielak ya riƙa saka katunan 'yan wasan besbol na garinmu a cikin ƙunshin burodi. An yi bugu ɗaya da hoton Dombeck, sai babbar ƙungiya ta ɗauke shi, aka cire shi daga bugu na biyu. Ya zama gwarzon ƙasa, katinsa kuma ya zama abin da ake jin labari. 'Yan kaɗan da suka rage duk suna da tabon man burodi. Na Kawu ne kaɗai ba shi da tabo, don daga maɗaba'a ya fito, bai taɓa shiga burodi ba.

*

A asibiti na tarar da Baba Walt a gefen gadon. Walt Ostrander mai rabon wasiƙu ne, abokin Kawu tun suna yara, shi ya riƙe ni a coci ranar da aka sa mini suna. Ya ɗauki hutu don ya zauna da shi.

"Renata, zo ki zauna. Likita ya ce yana iya farkawa. Na ce wa nas ta fara kirana, kada a tayar wa Halina da hankali."

"Baba Walt, kai ma ka yarda Marlon ne?"

Ya daɗe yana kallon bututun iskar da ke hancin Kawu.

"Ni ban san abin da zan yarda da shi ba, 'yata. Tsaya, zare yana reto a hannun rigarki. Kin je jami'a amma har yanzu kamar wadda akuya ta tauna."

Ya ciro makullansa, da ɗan abin yanke farce da ke maƙale a jiki ya datse zaren. Na yi murmushin farko tun ranar Litinin.

*

Ranar Laraba kamfanin inshora ya turo Emmett Sorrell. Dogo ne, busasshe, yana tafe kansa a sunkuye. A da mafarauta ne ke kiransa idan sun harbi barewa ta gudu da rauni, ya bi jininta cikin daji. Da gwiwoyinsa suka gaji ya koma bin katunan sata. Ni ke riƙe da makullin shago, don haka ni na buɗe masa.

"Ke ce mai aikin laburare? An ce ba kya magana."

Na murza makulli, na tura ƙofa.

"Madalla. Ba na son surutu a kan sawu."

An zazzage kwalaye, sababbin katuna masu sheƙi sun rufe ƙasa. Daga ƙofa zuwa kanta takalman 'yan sanda da ma'aikatan asibiti sun tattake komai. Emmett bai kula wajen ba. Ya wuce lungun baya, inda akwatunan taba na katako suke, waɗanda Kawu ke adana tsofaffin katuna a ciki, ya durƙusa da ƙyar.

"Nan mutum ɗaya ne ya shigo. Dubi ƙurar takalmi a kan masu sheƙin nan. Taku, taku, sai ya kauce. Ya sake kaucewa a can. Me yake kauce wa?"

Na duba. A duk inda sawun ya karkace akwai tsohon kati da ya faɗo daga akwati.

"Bai taka tsoho ko ɗaya ba," na ce.

"Katunan shekarar tamanin da takwas ya tattaka. An buga su kamar ruwan sama, ko an ba ki kyauta asara ce wurin ajiya. Mutumin nan yana sauri, ya bar wani a kwance, amma ƙafarsa ta san me take takawa. Mijin yayarki ya san tsoho da sabo?"

"Ya taɓa ɗora kofin kofi a kan katin hamsin da shida. Kawu ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa."

"Sajan 'yan sanda zai ce ɓarawo ma yana koyo. Muna buƙatar abin da ya fi wannan."

A lokacin na hango shi. A saman kabad, an jingine shi a hankali, wani tsohon katin Zielak ne na wani ɗan wasa da ba wanda ke tunawa, a cikin 'yar rigar leda.

"Mista Sorrell. Katin can na Kawu ne, amma rigar ba tasa ba ce."

"Ta yaya kika sani?"

"Ba ya sa wa tsofaffi leda. Ya ce tana shaƙe su. Da roba yake ɗaure su, abokansa kullum suna masa faɗa wai tana cin gefe."

Ya ɗauko shi da ƙarshen yatsu, ya juya bayan ga hasken taga. Akwai wani shafaffen tabo mai ruwan ƙasa, irin na abin da aka goge da sauri.

"Jini ne," ya ce. "Kuma a cikin ledar yake, ba a waje ba."

Wani ya rafke Kawu, sannan ya ga kati ya faɗa cikin jini, ya sunkuya ya ɗauka, ya goge, ya sa masa riga, ya jingine shi inda ba za a taka ba. Kawu kuwa yana kwance a ƙafarsa.

Emmett ya nuna mini bakin ledar. An datse kusurwa ɗaya.

"Masu tattali ke yin haka, don kati ya zame ba tare da kusurwarsa ta daƙushe ba."

Ya kira Sajan Brandt ya zo ya ɗauka da hannunsa. Sajan ya juya shi, ya taɓe baki.

"Leda ce, Sorrell. Rabin garin nan suna da irinta a aljihu. Litinin zan kai Teague gaban alƙali."

*

Mutum uku ne ke shan kofi da Kawu duk safiyar Asabar: Baba Walt, da likitan haƙori Dakta Prentiss, da dillali Gus Fenimore. Muka fara da likita.

Ya karɓe mu a ɗakin da yake ajiye katunansa, kowanne a matse tsakanin gilasai biyu da aka ɗaure da kusoshi. Kafin ya taɓa ɗaya sai da ya sa farar safar hannu.

"Na so katin, ba zan ɓoye ba. Na yi wa Caz tayin motata a tamanin da biyu, ya ce ba ya tuƙi da daddare. Bara an sayar da mai tabon mai a Chicago, kusurwa ɗaya ma a karye, da kuɗin da zai sayi gida a bakin tafki. Ka san farashin katin Caz na farko? Keke. Caz ya ba wani yaro kekensa ya karɓa."

"Yaushe rabonka da ganin katin?" in ji Emmett.

"Asabar. Ya fito da shi ya ce mu yi masa bankwana. Wai ya yi magana da wani a Chicago, zai sayar ya saya wa Halina gida kafin ta haihu."

Na ɗaga kai. Ba wanda ya faɗa mana haka.

"Wa ya ji?"

"Mu uku. Walt ya yi shiru, ni na zagi Caz, Gus ya tambaya ko akwai la'ada." Ya cire safar. "In ni ne kai, Gus zan duba. Mutumin da ke aske gefen kati da reza don ya yi kama da sabo, me zai ƙi yi?"

"Kana amfani da leda, Dakta?"

Ya dube shi kamar an ce ya ciri haƙori da filaya.

*

Gus yana da teburi a kasuwar kayan gwanjo da ke ci a tsohuwar ma'ajiyar jiragen ruwa. Tun daga nesa na ga bandeji a tafin hannunsa na dama.

"A'a, ga mai bin barewa da 'yar kurma. Ya jikin Caz? Ku zauna, kujera kyauta ce, ita kaɗai."

"Me ya sami hannunka?"

"Gwangwanin wake."

"Gwangwani mai yanka a miƙe haka?"

Gus ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"To, reza ce. Na ɗan gyara wa wani kati wuya, kamar yadda wanzami ke yi. Prentiss ne ya turo ku, ko? Ka ce masa rabin abin da ke cikin gilasansa ni na yi musu aski."

"Ina kake da safiyar Litinin?"

"A gadona, da matata, abin tausayi. Ka ji, Sorrell, ni ɗan kasuwa ne. Dombeck marar tabo guda ɗaya ne a duniya. Hoton ya ɗan karkata hagu, akwai ɗigon ja a kan hularsa, duk dillali daga nan zuwa teku ya san fuskarsa. Wa zan sayar wa? Wanda ya ɗauki katin nan ba sayarwa zai yi ba. Kallo zai yi, shi kaɗai, ƙofa a rufe."

Emmett ya zaɓi wani kati mai araha ya ce a sa masa a leda. Gus ya cusa shi da babban yatsa, kusurwa ta lanƙwashe.

"Ba ka datse bakin leda?"

"Datse baki? Wa ke da wannan lokacin? Sai masu son kati fiye da mutane."

*

A mota Emmett bai tayar da inji ba. Iska tana kaɗo ruwan tafki a gilashi.

"Likita ba ya taɓa leda, dillali ba ya yanka ta. Kuma abin da ke damuna, yankan nan ba na almakashi ba ne. Almakashi a miƙe yake ci, reza ma haka. Wannan a lanƙwashe yake, kamar jinjirin wata."

Hannuna yana kan bakin rigata, daidai inda aka datse zaren. Na ji shi ƙarƙashin yatsana. Na so in yi shiru kamar yadda na saba. Baba Walt shi ya koya mini hawan keke, shi ke kawo mini wasiƙun jami'a har ɗaki yana rawa. Sai na tuna Halina zaune a kicin, ta dafa abincin mutum biyu bisa sabo.

"Abin yanke farce," na ce. "Baba Walt yana da shi a jikin makullansa."

Emmett bai dube ni ba.

"Yana tara na Zielak?"

"Yana da dukkansu. Sai gurbi ɗaya."

"Abin yanke farce kowa na da shi. Sai hannunsa ya nuna mana da kansa." Ya murza makulli. "Yanzu wa ke wajen kawunki?"

Ya juya motar zuwa asibiti, ya taka ta sosai.

Mun sami Baba Walt a kujerarsa yana karanta wa Kawu sakamakon wasanni daga jarida. Daga ranar ni da Halina muka riƙa karɓa-karɓa, ba mu ƙara barin ɗakin ba. Muka ce masa likitan asibiti ne ya ce dangi su zauna.

*

Ranar Asabar da safe na kira abokan Kawu su uku su taya ni kwashe katunan ƙasa. Sajan Brandt ya zo shi ma, don Emmett ya yi masa alkawarin kofi da cewa ba zai ƙara damunsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ba wanda ya zauna a kujerar Kawu. An wanke bayan kanta, amma katakon ya yi duhu a wurin.

Emmett ya buɗe akwatin taba, ya zare roba, ya ciro wani katin Zielak tsirara ya ajiye a kanta, dab da kofinsa da ya cika har baki.

"Ina so ku taimake ni da ƙiyasi. Nawa kuke jin aka buga na Dombeck?"

"Ɗari biyar," in ji likita.

"Ɗari biyar a ina?" in ji Gus. "Dubu biyu, uwaye suka zubar da su da shara."

"Ku duka ba ku sani ba," in ji Baba Walt. Muryarsa ta ɗan tashi, karo na farko a makon. "Babana ne ke kan injin maɗaba'ar. Falle ɗaya yana ɗaukar katuna talatin, Dombeck kuma a kusurwar ƙasa yake, inda wuƙar ke yaga takarda. Rabi a kwandon shara suka ƙare tun kafin su ga burodi."

"Ashe?" Emmett ya jingina da kanta, gwiwar hannunsa ta taɓa kofin. Kofi ya fantsama, ya fara gangarawa wajen katin.

Likita ya ja baya don wandonsa. Gus ya yi dariya. Baba Walt bai ko katse maganarsa ba.

"Shi ya sa duk wanda ka gani hoton a karkace yake, don fallen yana zamewa a wannan gefen..."

Hannunsa ya riga ya ɗauke katin. Ɗaya hannun ya shiga aljihun ƙirji ya fito da leda. Makullai suka yi ƙara. Sai wani ɗan sauti, ƙyas.

Katin ya zame cikin rigarsa. Baba Walt ya jingine shi a saman kabad, daidai inda na ga wancan.

Sajan ya matso daga bakin ƙofa.

"Sajan," in ji Emmett, "kawo wanda ke wurinka."

Sajan ya ajiye kofinsa, ya ciro jakar shaida, ya kwantar da ita kusa da sabon. Jinjirin wata biyu, a kusurwa ɗaya, har da 'yar tsagar da bakin ƙarfen ya bari.

"Wannan a nan muka same shi," in ji Emmett. "Jinin Caz yana cikin ledar. Wanda ya sa masa riga ya yi ne bayan duka."

Baba Walt ya kalli katunan, ya kalli abin da ke hannunsa. Fuskarsa ba ta nuna tsoro ba, mamaki ta nuna.

"Na yi haka?" ya ce a hankali. "Ban ma tuna ba."

"Walt," in ji Gus, dariyar ta ɓace. "Kai ne yaron keken?"

"Babana ya zaɓo shi daga injin, mafi kyau a cikin bugun, ya ba ni. Ina shekara goma. Keken bai kai ƙarshen bazara ba aka sace shi." Ya ajiye makullan a kanta. "Ban taɓa roƙonsa ba. Ya ishe ni in gan shi duk Asabar. Sai ya ce Chicago. Na je in ce ya bar shi a gari, in biya a hankali. Ya juya mini baya yana dariya, wai in kawo keken."

"Ka bari aka kama Marlon," na ce.

Bai dube ni ba.

"Ina katin yake?" in ji Sajan.

"A gurbinsa."

Muka bi su har gidan Baba Walt. Kundin katunansa yana kan teburin cin abinci, a buɗe a shafin ƙarshe, fitila a kansa, labule a sauke. Kowane gurbi a cike. Sajan ya zare katin ya nufi aljihunsa da shi.

"Kada ka sa shi a nan, Yallaɓai," in ji Baba Walt, hannuwansa a ɗaure ta baya. "Zai lanƙwashe. Riƙe shi ta gefe."

Har aka rufe ƙofar motar bai tambayi jikin Kawu ba.

*

Da yamma aka saki Marlon. Ya fito cikin rigar aro da ta yi masa kaɗan, Halina ta riƙe hannunsa. Emmett ya gaisa da shi, ya ɗaga mini hula, ya kama hanyar kudu.

Na koma asibiti in karɓi nas ɗin da ta zauna mana. Kawu bai farka ba tukuna, amma an ce yatsunsa sun motsa. Kujerar Baba Walt tana nan inda ya bar ta. Sai a ranar na lura da gefen da ya zaɓa. Ba wajen taga ba, inda haske yake da sarari. Ɗaya gefen, a matse jikin bango, inda bututun iska ke fitowa, daidai inda hannu zai kai ya zare shi.

Na ja kujerar na fitar da ita waje.